Ɗakin Shan Maganin Da Na Bari A Kulle

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu baki ɗaya. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, amma yanzu da shekaru suka ja, ido ya fara rauni, na ga gara in rubuta wannan abu tun ina iya rubutawa da hannuna. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa, domin akwai waɗanda ke raye da bai kamata a fama musu tsohon miki ba.

Lokacin da abin ya faru ni saurayi ne ɗan shekara goma sha tara, ɗan manomin dawa da auduga, a wani ƙauye da ke tsakanin Faskari da Sabuwa, ba nisa sosai da Damari. Ni ne na farko a gidanmu da ya gama aji bakwai, kuma na san haka, ina kuma son a san haka. Allah ya ba ni baki. Idan na zauna gaban manya na san abin da suke son ji, kuma na iya faɗarsa yadda zai kwanta musu a rai. Shekarun nan ne kuɗin mai ya shigo ƙasa. Ko'ina ka duba tifa ce ke wucewa da yashi, samari suna jingine fartanya suna tafiya birni, su dawo da Sallah da agogo a hannu da rediyo a kafaɗa. Ni ma idona yana can, ko da yake ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Babbar damuwar garinmu a lokacin ita ce rashin wurin magani. In ciwo ya fi ƙarfin sassaƙe da jiƙo, sai an kai mutum Faskari, kuma da damina in rafi ya kawo, sai dai a zauna a bakin ruwa da majinyaci ana jiran ya janye. Da abin ya ishi mutane, dattawa suka yi shawara a gina ɗakin shan magani da aikin gayya. Mata suka yi ta ɗibar ruwa, mu samari muka buga tubali, Maguzawan da ke hayin rafi suka kawo azara, suka zo da makaɗansu aka yi ta aiki ana kiɗa. Hukuma ta ba da kwano da siminti. Ɗaki biyu ne da baranda, amma ranar da aka buga kwanon ƙarshe sai ka ce birni aka gina. Sai dai da mai gari ya je neman ma'aikaci, aka ce masa babu, duk wanda aka horar birni ya riƙe shi. Shawarar da aka ba shi ita ce gari ya zaɓi yaro ɗaya nasa, hukuma ta ba shi gurbi a makarantar koyon aikin lafiya shekara biyu, da ci da kwana, bisa sharaɗin in ya gama ya dawo ya riƙe ɗakin.

Mu biyu ne a yankin muke da takardar da ake nema. Ni, da wani abokina ɗan hayin rafi, wanda iyayensa Maguzawa ne da suka shiga addinin Kirista tun yana ƙarami. Tare muka yi firamare, kullum tare muke tafiya muna dawowa, kuma ba zan ɓoye ba, ya fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba. Shi ne yake ɗaukar na ɗaya tun daga aji uku. Ba shi da yawan magana, amma in ya ce zai zo ranar Laraba, to ko ruwa ake yi za ka gan shi.

Ranar zaɓe aka tara mu a ƙofar gidan mai gari da hantsi, dattawan ɓangarorin biyu suna zaune. Tambaya ɗaya aka yi mana, ko za mu dawo in mun gama. Abokina ya fara. Ya ce zai dawo ya yi aiki, amma ba zai ɓoye musu ba yana da burin ƙaro karatu wata rana, in kuwa hakan ta taso ba zai tafi ba sai an horar da wani ya karɓe shi. Na ga fuskokin dattawa sun canja, wasu suka fara gunaguni cewa tun bai tafi ba yana maganar barin gari. Nan take na gane inda ƙofa take. Da aka zo kaina na durƙusa sosai, na ce ni a nan aka binne cibiyata, ba ni da wani buri da ya wuce in yi wa iyayena hidima, kuma na rantse in na dawo ba abin da zai fitar da ni daga ɗakin nan sai makara. Kawuna ya ɗora da cewa ai mata ma za su fi sakin jiki da ɗan gida, kowa kuma ya gane abin da yake nufi. Mahaifin abokina kuwa ƙasa kawai yake kallo. Aka zaɓe ni. Ranar tafiya abokin nan nawa ne ya ɗaura akwatina a bayan kekensa ya raka ni har bakin titi. Da mota ta tsaya ya miƙa mini hannu ya ce in riƙe karatun da kyau, domin a madadinsu duka na tafi.

Karatun kuwa na riƙe shi. Na koyi yin allura, wanke miki da ɗinki, auna zafin jiki, gane ciwon da za a iya yi wa magani a ƙauye da wanda dole a tura gaba. An koya mana yadda ake rubuta sunayen yara a kira masu rigakafi, da yadda ake kula da yaron da ƙyanda ta kama don kada ta sauka masa a ƙirji. Ina jaddada wannan don a san ba jahilci ne ya sa na yi abin da na yi ba. A shekara ta biyu aka tura ni aikin gwaji Kankara, a nan ne ƙafata ta fara zamewa. Wata rana wani Alhaji ɗan kwangila ya kawo leburansa da ƙarfe ya yanka a ƙafa, ni na tsayar da jinin na ɗinke. Alhajin ya tsaya yana kallona har na gama, sannan ya ja ni gefe ya ce kamfanin da suke wa aikin hanya yana neman mai irin hannuna, akwai ɗaki, akwai babur, albashi kuwa ba za a haɗa shi da na hukuma ba. Na ce masa akwai alkawari a kaina. Ya yi dariya ya ce ƙauye ba ya gudu, in yi shekara ɗaya in tara abin aure in koma. Na yi wata uku ina juya maganar. Duk ranar da na ga wani sa'ana ya wuce a kan babur sai in ji kamar ni kaɗai aka bari a baya. Ina gama jarabawar ƙarshe na tattara kayana na bi kamfanin.

Sai na rubuta wa Baba wasiƙa na ce hukuma ta ƙara mana shekara ɗaya don mu ƙware. Abin da ban yi tunani ba shi ne wanda zai karanta ta. Duk yankin ba mai karanta boko sosai sai abokina, don haka shi aka kira ƙofar mai gari ya karanta wa dattawa ƙaryata da bakinsa. Shi ne ya cike mana takardun neman gurbin tun farko, ya san tsawon karatun sarai. Ya karanta, ya naɗe takardar ya miƙa wa Baba, bai ƙara ko kalma ba.

Shekara ɗaya ta zama biyu. Aikin hanya ya kai mu har Kaduna, na sayi wando mai faɗin ƙafa, na koyi zuwa silima, na aika wa Baba rediyo da turamen atamfa ga Inna da yayata. Na sake rubuta wata wasiƙar da wata ƙaryar. In zan wuce ta tashar da motocin yankinmu ke sauke mutane sai in zagaya ta baya. Nakan tuna ɗakin nan, amma sai in ce wa kaina ai da can ma haka suke rayuwa ba ɗakin magani, 'yan watanni ba za su canja komai ba.

Labarin ya same ni ne a kasuwa da rana tsaka. Wani mai fataucin hatsi ɗan Ruwan Godiya ya gane ni, ya kama hannuna da hannu biyu yana yi mini ta'aziyya, a zatonsa na sani. Da ya ga na yi turus sai ya ce ƙyanda ce ta shiga garuruwanmu da bazarar nan ta yi ta ɗibar yara, kuma ɗan yayata yana ciki. Yaron shekararsa uku, an haife shi ina makaranta, sau ɗaya na taɓa ɗaukarsa. Washegari na hau babur na kama hanya. Da na hango rufin garinmu sai na ji kunyar ƙarar injin, na kashe shi na tura da hannu. Hanyar shiga gari ta gaban ɗakin shan maganin take bi. Ƙofar na nan da kwaɗonta, rina sun yi gida a saman taga, awaki suna kwance a baranda. Mutanen da na tarar a hanya suka amsa gaisuwata kamar yadda ake amsa wa baƙo.

Baba bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na samu sauƙi. Ya amsa ta'aziyyata, ya tambaye ni hanya, ya tashi ya shiga turakarsa. Rediyon da na aiko na gan shi a kan rumbu an rufe da buhu. Yayata ce ta ba ni labari, ba kuka ba zagi, tana tsince wake a faifai. Ta ce ranar da numfashin yaron ya fara sarƙewa mijinta yana can neman keke, ita kuma ta goya shi ta fita ba ta san inda za ta ba, sai ta tsinci kanta a barandar ɗakin maganin. Nan ta zauna da shi a cinya tun azahar har la'asar. Ta ɗago ta dube ni ta ce, “Na san ba kowa a ciki, ƙanena. Amma ban san wani wurin da zan kai shi ba.”

A kwanakin da suka biyo baya na ji sauran. Sau biyu hukuma ta aiko da akwatin magani, sau biyu aka mayar da shi don babu ma'aikacin da zai sa hannu ya karɓa. Masu rigakafi sun zagaya garuruwan da aka aika musu da sunayen yara, namu ba wanda ya rubuta. Ban taɓa tambayar yara nawa aka binne ba, har yau kuma ban tambaya ba. Aka ce mini abokina ne ya yi ta jigilar yara a kekensa zuwa Faskari, na Musulmi da na hayin rafi, wani lokaci sawu biyu a yini cikin zafin nan. Da ciwon ya zo kan 'yarsa ta fari, domin ya yi aure bayan tafiyata, a bayansa ta cika, saura kaɗan su isa.

Sai da na kwana huɗu kafin na iya haye rafin. Na same shi a gona yana sharar kara, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Ya ajiye manjagara muka zauna a inuwar ɗorawa. Na yi masa ta'aziyya, na fara kame-kamen bayani, ya ɗaga mini hannu. Ya ce shi ba tuhuma zai yi mini ba, tambaya ɗaya ce ta hana shi sakat, kuma ni kaɗai ne a yankin na yi karatun da zan iya amsa masa. Ya kwatanta mini yadda ciwon ya fara, da abin da suka ba ta, da ranar da tari ya shigo, dalla-dalla kamar ɗalibi a gaban malami. Sannan ya ce, “Da kana nan, da ta tashi? Kar ka hwaɗa mani magana irin ta takarda.” Na so in fake da cewa rai na Allah ne, kuma gaskiya ne na Allah ne, amma ba abin da ya tambaye ni ke nan ba. Na ce masa irin wannan in an kama shi da wuri da allura yawanci suna tashi. Ya gyaɗa kai. Can ya ce ya gode, aƙalla yanzu ya san ba wani abu ne shi ya yi ba daidai ba. Ya ɗauki manjagararsa ya koma aiki.

Masu karatu za su so a ce daga nan na tuba na zauna. Ni ma haka na so. Na je wurin mai gari na karɓi mabuɗi, na kori rina, na share ɗakin na wanke. Na zaci ba wanda zai zo, amma washegari da safe na tarar da mata a jere a baranda da sauran yaransu, har da waɗanda suka yi rashi. Ba wadda ta yi mini gori. Sai su miƙo yaron su ce Malam duba mini shi. Wannan ya fi mini zagi ciwo. Ba ni da komai a ɗakin sai 'yan ƙwayoyin da na zo da su a jaka. Na je ofishin hukuma neman magani, aka ce mini a takarda ni gudajje ne, sai na rubuta bayani an zauna a kaina kafin a mayar da ni, kuma abin zai ɗauki lokaci. Da na jure, da na yi ta sintiri ina ba da haƙuri, na tabbata da an mayar da ni, domin ana neman ma'aikata ido rufe. Amma ban jure ba. Kullum in fito in ga idon yayata, in wuce maƙabarta in ga ƙananan kaburbura. Bayan mako biyu, ran kasuwa, na ce wa matan da ke baranda su jira ni zan je in karɓo magani. Na kulle ƙofar, na ba wani maƙwabci mabuɗin, na hau babur. Ban tsaya ba sai Kaduna. Gudun farko zan iya cewa ƙuruciya ce da kwaɗayi. Na biyun ba ni da sunan da zan ba shi sai tsoro, kuma shi ne wanda ban taɓa faɗa wa matata da 'ya'yana ba.

Ba a daɗe ba kuɗin man ya ja baya, kamfanin ya tattara ya watse, babur ma aka karɓe. Na buɗe ɗan shagon sayar da magani a bayan gari, da shi na riƙe iyali har tsufa. A can gida kuwa ɓarnar ba ta tsaya kan waɗanda suka mutu ba. Abokina ya je da kansa ya roƙi a ba shi gurbin horon, aka ce garinmu ya riga ya cinye rabonsa. Bayan haka sau da dama ana kawo sanarwar gurbin karatu ko koyon sana'a da sai gari ya tsaya wa yaro, dattawa su ce sun gwada sun gani. Yara masu ƙwaƙwalwa da yawa suka tsufa a gona saboda ni, ba su ma san dalili ba. Baba ya daina zama a majalisar ƙofar mai gari har ya koma ga Allah. Sai bayan shekaru masu yawa aka turo ma'aikaci daga wani wuri, lokacin rufin ɗakin ya riga ya rufta, sai sabo aka gina.

Na koma wurin abokina sau ɗaya bayan mun yi furfura, na roƙe shi gafara. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka dama mini fura. Ya ce abin da ya shafe shi ya daɗe da yafewa, amma shi ba wakilin sauran iyayen ba ne, in ina son tasu sai in bi su gida-gida. Ban iya ba. Yawancinsu yanzu sun rasu, shi ma ya rasu.

Abin da ya sa na rubuto shi ne ina ganin yadda ake ta sanarwar tallafin karatu da horon sana'a ga matasa, ina ganin yadda suke cike takardu suna sa hannu a kan sharuɗɗan da ko karantawa ba su yi ba. 'Ya'yana matasa, gurbin da al'umma ta tsaya maka ba kyauta ba ce ta kai kaɗai. Akwai wanda aka hana don a ba ka, akwai kuma waɗanda za su zauna suna jiran ranar dawowarka da ciwonsu a hannu. In ka san zuciyarka tana wani wuri, ka faɗa tun kafin a zaɓe ka, ko da hakan zai sa ka rasa. In kuma ka riga ka yi kuskure, kada kunya ta sa ka ƙara na biyu a kai, ka tsaya ka sha kallon mutane, kallo ba ya kisa. Ku kuma iyaye masu zaɓe, ku yi hattara da yaron da rantsuwa ba ta yi masa nauyi a baki, kada kuma ku duba gidan da yaro ya fito ku bar halinsa.

Yayata tana nan da rai, ta tsufa ƙwarai. Duk kaka sai ta aiko mini da daddawa da kuɓewa busasshiya, ta sa jikokinta su kira ni a waya ta ji lafiyata. Tun ranar da ta ba ni labarin nan tana tsince wake ba ta sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa yaran nan da ƙyanda ta ɗiba a addu'a, in da saura ya sa ni.